Tsuntsaye Mawaƙa a Kan Sarkin Ingila

A watan Mayu na shekarar 2017, hukumar gidan waya ta Ingila ta fitar da jerin kan sarki guda 10, kowanne ɗauke da zanen wani tsuntsu da ya yi suna wajen daɗin murya. Masu sha'awar tara kan sarki sun yi maraba da su. Kamar yadda aka saba, babu sunan ƙasa a jikinsu, sai ɗan hoton kan Sarauniya a kusurwa, domin Ingila ce ta fara buga kan sarki a 1840.

Abin da zane ba ya iya nunawa shi ne muryar kanta. Tsuntsu ba da maƙogwaro yake rera waƙa ba, kamar ɗan Adam. Yana da wata gaɓa da masana ke kira sirinkis, can ƙasan bututun iska, daidai inda ya rabu biyu ya nufi huhu. Kowane ɓangare na iya fitar da nasa sautin, shi ya sa tsuntsu ɗaya kan yi kamar biyu ne ke amsa wa juna. Kuma koyon waƙar yake yi daga manya tun yana ɗan tsako. Hasali ma kuku, wanda aka sa cikin jerin, ba ɗan wannan dangi ba ne, kukansa gado ne ba koyo ba.

Wasu daga cikin tsuntsayen nan baƙi ne a Ingila. Da zarar sanyi ya gabato sai su ƙetare hamadar Sahara. Naitingel kan sauka a Senegal da Gambiya da maƙwabtansu. Kuku kuwa, kamar yadda na'urorin da aka fara ɗaura masa a 2011 suka nuna, har dazuzzukan Kwango yake kaiwa, ya biyo ta Afirka ta Yamma a hanyarsa ta komawa. Akwai kuma wilo-wobla, wanda nauyinsa bai fi na ƙwayar sukari uku ba, yana kuwa cikin masu ratsa ƙasarmu.

Sai dai yawansu na raguwa ƙwarai. A Ingila, naitingel ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a tsawon shekaru 50. Laifin bai tsaya a Turai ba. Tsuntsun da zai ƙetare hamada dole ne ya tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itatuwa kafin ya tashi, don haka fari da sare kurmi a wannan yanki namu na iya hana shi isa inda zai yi sheƙa.