RUWA BA YA TSAMI BANZA: Abin Da Tafkin Wankan Gidan Yayata Ya Koya Mini

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tuba na zo yi. Duk wadda ta saba karanta littattafaina ta san halina, da zarar na kai amarya gidan miji sai na zagaya da ita cikin lambu na nuna mata tafkin wanka, wato suwimin-ful, ruwa shuɗi garai-garai, ango na kishingiɗe a gefe yana kurɓar lemo mai sanyi. Amma wallahi ko sau ɗaya ban taɓa rubuta wanda yake wanke tafkin nan ba, domin ni kaina a lokacin na ɗauka ruwan haka Allah Ya yi shi, ba ya datti ba ya wari. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

A shekarar 2023 ne maigidan Yayata ya sayi wani tsohon gida a unguwar masu hali a nan Kano, gidan kuwa da tafkinsa, har da wani ɗan kwami na ruwan ɗumi mai ɓulɓulowa a gefe, wanda ake ce wa jakuzi. Ranar tarewa kowa sai ya je bakin ruwan ya ɗauki hoto, ni kuwa har da tsokanar mijin Yaya, na ce, "Yallaɓai, ashe dai littafina ka karanta ka sayi gidan nan." Ya yi dariya ya ce, "Malama marubuciya, ai ke kika ja mini asara."

Akwai wani yaro da ke zuwa sau biyu a mako yana gyara ruwan, babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga abin da yake yi. Da damina ta faɗi sai ya tafi ƙauyensu noma, maigida kuma ya yi tafiya. Kafin mako biyu ruwan nan ya koma kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta kama bango, kwaɗi suka samu gidan biki, 'ya'yan sauro kuwa sai wutsil-wutsil suke a sama. Yaya ta hana yara shiga, muka ɗauka magana ta ƙare.

Wata ranar Laraba da la'asar muna kicin muna tuyar awara, sai yarinyar da ke taya Yaya aiki ta ƙwalla ƙara. Takalmin autan Yaya ta hango a bakin tafki, yaro ɗan shekara biyu da rabi, ƙwallonsa na yawo a kan ruwa, shi kuwa babu shi babu alamarsa. 'Yar'uwa, ruwan nan ya yi kaurin da ko hannunki kika tsoma ba za ki ga yatsunki ba. Yaya da zanenta da ɗankwalinta ta faɗa, Allah Ya taimaka ɓangaren mara zurfi ne, ruwa iya ƙirjinta, ta dinga lalube da hannu da ƙafa tana salati har ta cafko rigarsa. Ya yi tari, ya amayar da ruwa, sannan ya tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

A asibiti aka kwantar da shi kwana ɗaya, likita ta ce ko da yaro ya farfaɗo yana wasa dole a kawo shi, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan wasu awoyi. Ta kuma ja mana kunne cewa ba a juya yaro kai ƙasa ko a danna cikinsa wai don ruwa ya fito, in ba ya numfashi hura masa iska ake yi a baki tare da danna ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce yaro in zai nutse ba ya ihu, shiru yake tafiya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Da maigida ya dawo sai da aka kai ruwa rana. Yaya ta rantse ko dai a kawo tifa a cike ramin nan da ƙasa, ko ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gida. Hajiyarmu ce ta shiga tsakani, ta ce, "Ke 'yar nan, rijiyar gidanmu da kuka tashi kuka gani cike ta aka yi? Murfi aka yi mata." Nan aka yi sulhu a kan abu biyu. Na farko, za a kewaye tafkin ta kowane ɓangare da shingen ƙarfe mai tsayin da bai gaza mita 1.2 ba, da ƙofa mai rufe kanta, sakatar a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na biyu, Yaya da kanta za ta koyi kula da ruwan, don kada tafiyar wani ta sake mayar da shi kududdufi. Aka samo mana wani dattijo da ya daɗe yana aikin tafkin otal, muna ce masa Baba, ya yi mako uku yana koya mana, ni ce mai riƙe da littafi da biro.

SAN YAWAN RUWANKI

Abu na farko da Baba ya sa mu yi shi ne awo. Tsawon tafkin mita 8, faɗinsa mita 4, matsakaicin zurfinsa mita 1.5. In kin ninka su za ki samu 48, kowane ɗaya kuwa lita 1,000 ne, ke nan lita 48,000. Ya ce, "'Ya'yan nan, wadda ba ta san girman tukunyarta ba yaya za ta san gishirin da za ta zuba?" Duk maganin da za ki sa da wannan lissafi yake tafiya.

MAGANI DA AWONSA

Kulorin shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka. Ana so kullum a same shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Wanda muke amfani da shi farin gari ne mai tsaki-tsaki, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, kuma a tafki irin na Yaya kimanin giram 70 zuwa 75 ne ke ɗaga awon da maki ɗaya. Bayan magariba muke zubawa, domin zafin rana cinye shi yake yi. Ranar da muka tashi kashe korewar nan sai da muka zuba ninki goma na wannan, aka bar inji yana aiki, babu wanda ya shiga sai da awon ya sauko daidai.

Sai awon tsami, wanda masana ke rubutawa pH. Ƙannena 'yan makaranta, kun tuna shi a darasin kemistiri? Ni dai barci nake yi a ajin, sai ga shi ya biyo ni har gidan Yaya. Ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura, kulorin sai ya yi sanyi ya kasa aiki, ruwa ya yi hazo-hazo. In ya yi ƙasa, ruwan ya yi tsami ke nan, ya dinga yi wa ido zafi yana cin ƙarfen tsani da na inji. Garin soda na tafki ke ɗaga shi, asid ke saukar da shi. Akwai ɗan akwatin gwaji mai kwalabe biyu, ki ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, ɗaya in kin sa ƙwayar gwaji ya koma ruwan hoda, ɗaya in kin ɗiga maganinsa ya tashi daga ɗorawa zuwa ja, sai ki gwada launin da jadawalin da ke jiki. Minti biyar bai cika ba kin gama, Yaya takan yi nata kowace safiya bayan ta sallami 'yan makaranta.

A nan ne Baba ya ɗaure fuska. Ya ce ko da wasa kada kulorin da asid su haɗu, ko a bokiti ko a ludayin awo, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne mai ƙona huhu. Kowanne da ludayinsa, kowanne da ma'ajiyarsa, a inuwa, a kulle, nesa da fetur ɗin janareta. Sannan magani ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani, kuma da safar hannu, kina bai wa iska baya.

INJI DA SHARA

Akwai injin da ke zuƙo ruwa ya bi da shi ta cikin wata tukunya mai cike da yashi, yashin ya tace datti, ruwan ya koma. Ana so ya yi aiki kamar awa 8 a rana don ruwan duka ya zagaya. Ga shi kuwa kin san halin wuta a ƙasar nan, ruwan da ya kwana biyu a tsaye to gansakuka ta samu gida, shi ya sa kuɗin mai ko na sola yana cikin lissafin mai tafki. In allurar da ke kan tukunyar ta hau sama, yashi ya toshe ke nan, sai ki kashe inji, ki juya hannun zuwa wajen wanko, ki kunna har ruwan dattin ya fita ya yi haske. Kada ki taɓa juya hannun nan inji na aiki.

Kullum a kwashe ganye da raga mai dogon mariƙi, a zazzage ɗan kwandon da ke bakin tafki, mako-mako a goge bango da buroshi. In ruwa ya yi dishi-dishi ya ƙi washewa, alif ɗin nan da iyayenmu ke sa wa ruwan rijiya shi ne maganin, a narka a zuba, a kashe inji ya kwana, da safe datti ya kwanta a ƙasa sai a zuƙe shi waje. Kowane lokaci da fitinarsa: hunturu ƙura, bazara ruwa ya dinga ƙafewa rana na shanye magani, damina kuma ruwan sama ya sirka komai, don haka bayan kowane ruwa mai ƙarfi sai an sake gwaji.

MU MA DA LAIFINMU

Na daɗe ina zaton jan ido da warin nan mai hawa kai alamar magani ya yi yawa ne. Ashe kulorin ne ya haɗu da gumi da fitsari da mayukan jikinmu ya rikiɗe. Mu mata da basilin da man kitso da hoda, mu ne muke barin baƙin zoben nan a bangon tafki. Saboda haka a watsa ruwa kafin a shiga, a kai yara banɗaki tukuna. Mai gudawa kuwa kada ya kusanci ruwan, domin akwai wata ƙwayar cutar gudawa da ke iya yin fiye da mako guda a raye cikin ruwa mai kulorin. Ruwa yana iya yin garai-garai alhali cuta na ciki, gwaji ne kawai ke faɗar gaskiya.

SHI KUMA JAKUZI

Ƙarami ne amma ya fi rigima, saboda ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin cuta ke so. Zafinsa kada ya wuce digiri 40, kulorinsa kada ya gaza miligiram 3 a lita, kuma a zubar da ruwan gaba ɗaya a wanke kamar duk wata uku. In aka yi sakaci yana kawo ƙuraje a jiki, har da wata cutar huhu da ake shaƙa a cikin tururin ruwa, wadda aka fara gano ta bayan ta kama mahalarta taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya ta Amurka a 1976. Mai juna biyu ta haƙura da shi, yara 'yan ƙasa da shekara 5 ma haka. Mai dogon gashi ko ƙarin gashi ta tufke shi sama, kada ta tsoma kai kusa da ramin da ke zuƙar ruwa, in murfin ramin ya fashe kuwa kada kowa ya shiga sai an sauya.

Yanzu in kin je gidan Yaya za ki ga ruwa shuɗi irin na littattafaina, har kina iya ƙirga tayil ɗin ƙasa. Mukullin ƙofar shingen yana ɗaure a bakin zanenta, in yara za su shiga kuwa tana zaune a gefe, wayarta na ɗaki, idonta na kansu. Auta ya fara koyon iyo, amma har yau in ya doshi wajen sai na ga hannun Yaya ya kai ƙirjinta.

To 'yan mata, ban hana ku fatan gida mai tafki ba, Allah Ya ba kowa miji nagari da wadata. Sai dai ku sani aiki ne na kullum kamar ɗora tukunya. Wadda kuma gidansu babu tafki, to akwai rijiya, akwai duro, akwai bahon wanki, ruwa kaɗan ya isa ya ɗauki ran ƙaramin yaro. Ki tashi yanzu ki duba ko a rufe suke. Ni dai na yi alkawari, a littafina na gaba amarya za ta samu tafkinta, amma da shinge, da sakata, da akwatin gwaji a hannunta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, mai ƙaunarku.