Muƙamuƙin da ke yawan gocewa

Akwai mutanen da hamma ke ba su tsoro. Da sun wangale baki, sai kan ƙashin muƙamuƙi ya tsallake ɗan tudun ƙashin da ke gaban kunne ya maƙale, baki ya ƙi rufuwa, miyau na dalala. Har yau za ka ji wani na cewa a zabga wa mai wannan lalura mari, wai ƙashin zai koma. Ganganci ne tsantsa! Naman wurin ya riga ya ɗaure, mari sai dai ya ƙara ɓarna. Masarawan da can ma sun san ba haka ake yi ba. A takardarsu ta likitanci da ake kira Edwin Smith, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, an bayyana yadda ake sa manyan yatsu a baki a mayar da ƙashin. Danna turamen ƙasa ake yi, sannan a tura baya.

Mayarwar ba ita ce wahala ba. Wahalar tana ga wanda nasa ke ta gocewa saboda jijiyoyin gaɓar sun saki.

A 1964 wani likita mai suna Brachmann ya wallafa wata dabara da Jamusanci. Ana ɗibar jinin majinyaci a hannu, a tsira masa kamar mililita 2 cikin gaɓar, 1 a kewayenta, a ɗaure kai da bandeji, ya yi mako biyu yana cin abinci mai laushi. Shi ke nan.

Masu cewa jinin manne gaɓar yake yi, ko ciyar da ita, ba su fahimta ba. Tsokanarta yake yi. Wurin ya kumbura, jiki ya saƙa tabo mai tauri, tabon ya rage wa ƙashin sakewa. A sauran gaɓoɓi likita yaƙi yake da irin wannan sandarewa, ga shi nan da hannunsa yake jawo ta, daidai gwargwado. Tun da jinin mutum ne na kansa, jiki ba ya ƙinsa. Wasu dai na ɗar-ɗar, don jini kan ci guringuntsi idan ya yawaita zuba a gaɓa.

A binciken da wani likita mai suna Machon da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, majinyata 20 cikin 25 da aka yi wa wannan allura sun shekara ba gocewa. Wanda allurar ba ta yi masa aiki ba, ana iya maimaita ta, ko a yi tiyata a kankare tudun ƙashin.