Kafin a Canja Hannun Garmaho

Daga Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa a 1916, har zuwa Ojoo inda manyan motocin arewa ke yada zango, akwai gidajen da ba su rabu da faya-fayan garmaho ba. Na Shata da na Ɗanmaraya Jos, wani lokaci a cakuɗe da na Haruna Ishola, don wanda ya daɗe cikin Yarabawa kunnensa ya saba da apala. Duk wanda ya gaji irin waɗannan, ya kuma sayi garmaho na gwanjo, wanda a nan ake ce wa tokumbo, ba ya daɗewa zai ji mai ce masa ya canja hannun da ke riƙe da allura.

Shawarar ba ta banza ba ce, amma ana yawan gaggawa da ita. A fara gwada tsohon hannun. A juya ƙarfen nauyin da ke bayansa har ya tsaya a iska bai taɓa komai ba, sannan a hura masa iska kaɗan da baki. Lafiyayyen hannu zai sulala a hankali zuwa gefe. Idan ya cije, ko aka kama shi da yatsa biyu aka ji yana ƙas-ƙas, to boris ɗinsa ya mutu, kuma raɓar damina ta Ibadan ba ta raga wa boris. Wannan shi ne hannun da ya cancanci canji. In ya tsallake gwajin, matsalar tana ga allura, kuma kuɗinta bai kai na hannu ba.

Mai canji kuwa ya fara da awo. Hannun Rega RB300, da ya fito a Ingila a 1983, yana son milimita 222 tsakanin gindinsa da ƙusar da faifai ke juyawa a kai. Na Technics SL-1200MK2, wanda Japan ta fara ƙerawa a 1979, 215 yake so. Waɗannan milimita 7 sun isa su sa allura ta shiga layin faifai a karkace, don haka dole a sami farantin zama da ya dace. Sai daidaita nauyin hannu da taushin allura: hannu mai nauyi da allura mai tauri, marar nauyi da mai taushi, yadda karkarwarsu za ta tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Ƙasa da haka, faifan da ya ɗan lanƙwashe sai ya riƙa cillar da allura.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle. Yawancin alluran zamani giram 2 ko kusa da haka suke so, kwabo kuwa yana ninka wannan, allura ta riƙa kankare faifai kamar garma a kunya. Mai faifan Fela zai sami sabon bugu a kasuwa. Da yawa daga faya-fayan mawaƙan Hausa ba a sake buga su ba, wanda ya karce ya tafi ke nan.

A kuma duba bayan garmahon. Wanda aka yi wa Amurka wutar 120 yake sha, tamu 230 ce, kuma wasu masu bel sukan yi nawa a wutarmu ko da an haɗa su da taransifoma, sai muryar Shata ta fito a dakushe.