Mace Mai Juna Biyu A Wurin Aiki A Amurka

A ƙasar Amurka mata da yawa su kan ci gaba da zuwa aiki har cikinsu ya tsufa, gama babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya da ta tilasta wa masu kamfanoni su biya mace albashi lokacin hutun haihuwa. Dokar da aka yi a shekarar 1993 ta ba da hutun mako 12 ne, amma ba da biya ba. Saboda haka wadda ba ta da wata hanyar abinci sai albashinta, tilas ta jure. Cikin wahalce-wahalcen da irin waɗannan mata su ke sha akwai wata wadda mutane ba su cika son ambatonta ba, watau neman izinin zuwa makewayi.

Bahaushe don kunya ba ya cewa za shi fitsari a gaban jama'a, sai ya ce za shi kewaya. Haka nan mace mai ciki a kan ce tana da juna biyu. To, wannan kunya ba ta Bahaushe ce kaɗai ba. Ita ce ta sa aka daɗe ana cutar ma'aikata a kan wannan al'amari, su kuwa suna shiru.

Me ya sa mai juna biyu ta ke yawan kewayawa? Likitoci sun bayyana dalili. Sa'ad da mace ta ɗauki ciki jinin jikinta ya kan ƙaru ƙwarai, har ya kusa ƙara rabin abin da ya ke a da. Ƙoda kuwa aikinta tace jini, in jini ya yi yawa sai fitsari ya yi yawa. Ban da wannan, mahaifa tana kusa da mafitsara, tana girma tana danne ta, balle a watannin ƙarshe da kan jariri ya kan sauko ƙasa. In mace ta riƙa matse fitsari, ƙwayoyin cuta su kan sami damar yaɗuwa a mafitsara, wani lokaci su hau har ƙoda, wannan kuwa ya kan jawo haihuwa kafin lokaci. Waɗansu mata don gudun neman izini sai su rage shan ruwa, ga shi kuwa mai ciki ta fi kowa bukatarsa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wadda ke aikin ofis ba ta cika samun wannan wahala ba, ta tashi ta je ta komo, ba mai tambayarta. Wahalar tana kan masu aiki a tsaye, kamar masu karɓar kuɗi a kanti, da masu aikin sito, da na masana'anta inda inji ke turo kaya ba tsayawa. A nan in mutum ɗaya ya bar wurinsa, sai an sami wanda zai riƙe masa. A shekarar 2016 ƙungiyar Oxfam ta buga rahoto kan ma'aikatan masana'antun gyaran kaji. Waɗansunsu sun ce a kan hana su kewayawa, ko a bar su suna jira na dogon lokaci, har akwai masu ɗaura ƙunzugu irin na jarirai kafin su shiga aiki. Tun 1998 kuwa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta riga ta ce gina makewayi kaɗai bai isa ba, wajibi ne a bar ma'aikaci ya shiga sa'ad da ya matsu.

Yanzu sai mu duba yadda shari'a ta bi da maganar ciki. A 1964 aka yi dokar da ta hana nuna bambanci tsakanin namiji da mace a wurin aiki. Amma a 1976, cikin wata shari'a da kamfanin General Electric, Kotun Ƙoli ta ce in kamfani ya ƙi biyan mai ciki kuɗin jinya irin wanda ya ke biyan sauran marasa lafiya, wannan ba bambanci ne tsakanin maza da mata ba. Majalisa ba ta yarda da haka ba, sai ta yi sabuwar doka a 1978, ta ce a riƙe mai ciki daidai da yadda a ke riƙe ko wane ma'aikaci mai irin ƙarfinta ko irin rauninta.

Dokar ta taimaka, amma ta bar ƙofa. Mai kamfani ya kan ce, "Ni ban bambanta kowa ba. Ba na ƙara wa namiji hutu, don me zan ƙara wa mace?" Watau in ya matsa wa kowa daidai, ya kuɓuta. Wata mace mai suna Peggy Young, direbar motar kai saƙonni ta kamfanin UPS, ta sami ciki a 2006, aka shawarce ta kada ta ɗaga kayan da ya wuce laba 20, alhali kamfanin yana bukatar direba ya iya ɗaga laba 70. Kamfanin ya kan ba waɗanda suka ji rauni a bakin aiki aiki marar nauyi, amma ita aka hana ta, ta zauna gida ba albashi. Sai a 2015 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 cikin 9, ta ce ƙararta tana da tushe, a koma a sake dubawa. Shekara tara ke nan bayan cikin.

A nan ne gardamar ta ke. Waɗansu sun ce adalci shi ne doka ɗaya ga kowa, in aka fara keɓe mata, masu kamfanoni za su ƙi ɗaukarsu aiki. Tsoron nasu yana da dalili, gama a da an yi dokokin da aka ce don kare mata ne, suka zama hanyar hana su ayyuka masu albashi mai kyau. Waɗansu kuma suka ce dokar da aka auna ta da jikin namiji ba ta zama daidai ga kowa ba, tun da namiji ba ya ɗaukar ciki. In an ba mutum biyu riga iri ɗaya, ɗaya dogo ɗaya gajere, ba a ce an yi musu adalci ba.

A ƙarshen 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a kan wata doka wadda ta fara aiki ran 27 ga Yuni, 2023. Ta ce duk wanda ke da ma'aikata 15 ko fiye, wajibi ne ya sauƙaƙa wa mai ciki aikinta gwargwadon hali, sai fa in hakan zai jawo masa babbar wahala. Ba ta bukatar ta nuna wani namiji da aka yi wa irin wannan sauƙi, kuma ba a tilasta mata hutu in akwai wata dabara da za ta bar ta a bakin aikinta. A 2024 hukumar da ke lura da dokar ta ambaci abu huɗu da ta ce kusan kullum ya kamata a yarda da su ba tare da neman takardar likita ba: ajiye ruwan sha kusa, ƙarin zuwa makewayi, zama ko tsayuwa yadda jiki ya so, da ɗan hutu don cin abinci.

Amma fa doka tana cikin takarda, ma'aikaciya kuwa tana gaban shugaban aiki, shi ne mai cewa je ki ko dakata. Wadda ba ta san hakkinta ba, ko tana tsoron kora, za ta ci gaba da matsewa ko da dokar tana nan. Don haka sanar da ma'aikata da shugabanninsu abin da dokar ta ce, shi ne aikin da ya rage.