Kifin Ancistrus: Hayayyafarsa da Kare 'Ya'yansa a Akwatin Haɗaka

Ancistrus ƙaramin kifi ne na ruwan daɗi, ɗan asalin kogunan Kudancin Amurka da Panama. Dangin tarwaɗa da ƙurungu ne na nesa, sai dai fatarsa ta sha bamban da tasu: maimakon jiki mai santsi, faifai na ƙashi ne suka lulluɓe bayansa da gefunansa kamar sulke, cikinsa kuwa yana da taushi. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Kner, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1854, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙugiya, saboda lanƙwasassun ƙayoyin da ke kumatun kifin, waɗanda yakan baje idan ya ji barazana. An tantance nau'o'insa fiye da 70. Wanda ya cika shagunan kifin ado, wanda 'yan kasuwa ke kira bristlenose, wato mai tsiro a hanci, da wuya ya wuce santimita 15, kuma yakan haura shekara biyar a raye idan ya samu kulawa. Akwai mai launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, akwai zabiya mai jajayen idanu.

Bakinsa a ƙarƙashin kai yake, zagayayye kamar na matsattsaku. Da shi yake manne wa dutse a ruwa mai gudu, da shi kuma yake kankare gansakuka da yauƙin da ke bisa itace. Da dare yake fita kiwo. Rashin faɗansa da sauran kifaye ne ya sa ake yawan ajiye shi a akwatin haɗaka, wato akwatin gilashin da aka tara kifaye iri daban-daban a cikinsa. A irin wannan akwati ba ya wuyar yin ƙwai. Inda wahalar take shi ne raya 'ya'yan bayan sun bar hannun ubansu.

Namiji da mace

Kifin yakan balaga tsakanin wata shida da shekara guda. A lokacin ne wasu tsirrai na nama ke fitowa a goshin namiji da saman hancinsa, wasunsu masu rassa. Mace ko dai ba ta da su sam, ko kuma 'yan gajeru ne a gefen leɓe. Idan aka leƙa ta sama, macen da ta ɗauki ƙwai takan fi faɗi a ciki. A 1999 masana uku, Mark Sabaj da Jonathan Armbruster da Lawrence Page, sun kawo hasashen cewa tsirran nan kwaikwayon jariran kifi suke yi. A cewarsu, mace ta fi son zuba ƙwanta a ramin namijin da ta ga yana renon 'ya'ya, don haka motsin tsirran a bakin rami yakan sa ta ɗauka ta samu uba mai riƙon amana.

Shirya wurin

A cikin kogo kifin yake haihuwa. Masu kiwo sukan ajiye masa bututun yumɓu gasasshe, ko guntun gora, ko bututun roba na famfo, mai tsawon kamar santimita 15, a toshe ƙarshensa ɗaya. Bakin ya zama daidai jikin namijin, yadda idan ya shiga zai cike ƙofar. Kogon da ya yi faɗi da yawa yana da wuyar tsarewa, kuma namiji yakan ƙi shi. Maza suna faɗa kan kogo, saboda haka a akwati mai cin lita 80 zuwa 100 namiji ɗaya da mace ɗaya ko biyu sun isa. Ana kuma sa guntun itace da ya jiƙu ya nutse, don kifin yana kankararsa, yana kuma ɓuya a ƙarƙashinsa.

Zafin ruwan da ya dace shi ne digiri 23 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyas, ruwan kuma ya kasance tsaka-tsaki, ba mai tsami sosai ba. Kafin haihuwa ana ƙosar da iyayen da kokwamba, kabewa, dankalin Hausa da ganyen alayyafo da aka ɗan sulala, tare da ɗan abinci mai gina jiki sau ɗaya ko biyu a mako. Idan suka yi jinkiri, sai a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a maye shi da sabo wanda ya ɗan fi sanyi da digiri biyu. Wannan yana kama da saukar ruwan farko na damina a kogunansu na asali, lokacin da ruwa ke ƙaruwa, abinci ke yalwata.

Renon uba

Namiji ne ke share kogon da bakinsa har ya yi tas, sannan ya zauna a ƙofa. Mace ta shiga, yawanci da dare, ta manna ƙwai a can ƙurya, dunƙule guda kamar nonon inabi, launin ruwan lemo, kowanne bai fi milimita uku ba. Ƙaramar mace takan zuba 20 zuwa 50, babba kuma takan haura 100. Da ta gama sai namijin ya kore ta. Daga nan babu sauran hannunta a reno.

Wanda ya haska fitila cikin kogon zai ga uban kwance bisa ƙwan, kansa a ciki, wutsiyarsa a waje, yana ta kaɗa ƙegensa ba hutawa. Wannan fifita ita ke kawo wa ƙwan sabon ruwa mai iskar oksijin. Yana bin su da baki yana tsabtacewa, yana cire waɗanda suka yi fari suka mutu kafin ruɓarsu ta kama na kusa. Kusan ba ya cin komai a wannan lokaci. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu zuwa bakwai, gwargwadon zafin ruwa. Jariran suna fitowa da jakar gwaiduwa a ciki wadda ta fi jikinsu girma, ita suke sha na wasu kwanaki huɗu zuwa shida, suna manne da bangon kogo.

Abin da ake buƙata daga mai kiwo a nan shi ne haƙuri. Yawan haska fitila ko ɗaga kogo yakan firgita uban, musamman wanda ke renon fari, ya harbo ƙwan waje da wutsiya. Idan hakan ta faru, ana ɗaukar dunƙulen a hankali a sa a ƙaramar raga cikin akwatin, kusa da inda kumfar iska ke tashi, a riƙa tsince waɗanda suka yi fari.

Bayan fita daga kogo

Da gwaiduwar ta ƙare, 'ya'yan suke fara fitowa, tsawonsu kamar santimita ɗaya. Iyayen ba sa cin su. Haɗarin farko daga maƙwabta ne: duk kifin da bakinsa zai iya ɗaukar jariri zai gwada. Kifin mala'ika da sauran dangin karfasa, da gurami, da manyan barb, su ne kan gaba. Ƙananan tetra, da Corydoras, da jatan lande na ado ba su cika damun su ba. Haɗari na biyu shi ne na'urar tace ruwa, wadda ke zuƙe jarirai ta bakin bututunta. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a sa soso mai ƙananan ƙofofi a bakin bututun tun kafin ƙyanƙyasa. Soson ma yakan zama wurin kiwo, don 'ya'yan suna tsintar abin da ya maƙale a jikinsa.

Hanyoyi uku ake bi wajen kare su. Ta farko, a bar su inda suke, a yawaita maɓoya: tarin duwatsu masu 'yan tsaguna, itace mai ramuka, ciyawar ruwa mai duhu da busassun ganyaye a ƙasa. Wasu za su salwanta, amma ba kifin da aka wahalar. Ta biyu, a jira sai gwaiduwar ta kusa ƙarewa, a toshe bakin kogon da hannu a ƙarƙashin ruwa, a juye 'ya'yan cikin ƙaramin akwatin reno da ke rataye a jikin babban, ruwa ɗaya na ratsa su. Ta uku, a ɗauke kogon dungurungum da uban da 'ya'yan zuwa wani akwati na daban da aka cika da ruwan na farko. Ita ta fi tsirar da yawa. A kowace hanya, kwano ko bututu ake amfani da shi wajen kamu, domin ƙayoyin kifin suna sarƙewa a raga. Da sun kai santimita biyu da rabi zuwa uku, sulkensu ya yi ƙwari, yawancin kifayen haɗaka ba sa iya haɗiye su.

Abinci da ruwa

Yunwa tana kashe 'ya'yan Ancistrus ko da babu mai farautarsu. Hanjinsu na buƙatar abinci dare da rana, kuma ƙanana ba sa tafiya nesa neman abinci. Ana ajiye musu yankan kokwamba ko kabewa da aka danne da cokali mai yatsu don ya nutse, a wurare biyu ko uku kusa da maɓoyarsu, da dakakken abincin kifi mai nutsewa. Ɗa mai ƙoshi cikinsa a tashe yake idan ya manne da gilashi. Wanda cikinsa ya lotsa yana cikin haɗari.

Yawan ci yana kawo yawan kashi, shi kuma yana haifar da amoniya, gubar da jarirai ba sa jurewa. Don haka ana cire ragowar kayan lambu kafin su kwana biyu, ana canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan sau biyu ko uku a mako, da ruwan da aka kashe kulorin ɗinsa, mai zafi daidai da na akwatin. Ana duba bokitin da aka zuƙe ruwan a ciki kafin a zubar, don sau da yawa akan tarar da jarirai a ƙasansa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai. A garuruwa masu tsananin bazara irin su Sakkwato da Maraɗi, inda ruwan akwati kan iya haura digiri 30, dole a nisanta shi da rana, a ƙara masa kumfar iska, a kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Inda za a kai su

Ma'aurata masu lafiya suna iya haihuwa kusan kowane wata ko wata biyu, don haka cikin ɗan lokaci akwati yakan cika. Masu kiwo sukan sayar wa shaguna ko su raba wa abokai idan 'ya'yan sun kai santimita uku zuwa huɗu, wato bayan kamar wata uku. Mai son dakatar da haihuwa sai ya raba namiji da mace, domin cire kogo kaɗai ba ya hana su neman wani lungu. Sakin su a kogi ko tafki kuwa ɓarna ce. Ancistrus da ya fito daga akwatunan ado ya riga ya kafu a rafukan tsibirin Owahu na Hawai, inda yake gogayya da kifayen asali kan abinci da mazauni. Manyan danginsa na jinsin Pterygoplichthys sun mamaye ruwaye a Fulorida, Meziko da Filifin, suna haƙa ramuka a gaɓa suna zaizaye ta, suna kuma yayyaga komar masunta. Saboda haka kafin a sa kogo a akwati, ana fara sanin wanda zai karɓi 'ya'yan.