Kyanwa da Sanyin Hunturu

Idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, akan ga kyanwa ta dunƙule kusa da murhu, ta cusa hancinta cikin wutsiya. Ba lalaci ba ne. Zafin jikinta yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, wato ya ɗara na ɗan Adam, kuma asalinta kyanwar daji ce ta ƙasashe masu zafi. Dunƙulewar tana rage faɗin jikin da iska ke bugawa, saboda haka zafi ba ya saurin fita.

Babbar kyanwa mai lafiya takan jure. Abin fargaba yana ga 'ya'yanta. A makonni uku na farko jikinsu ba ya iya riƙe zafinsa, idan uwar ta yi nisa, sanyin asuba kaɗai yana iya kashe su. Wanda aka tsinta ya yi sanyi ƙalau, sai a fara ɗumama shi a hankali kafin a ba shi abinci, domin hanjinsa ba ya aiki sosai a wannan hali.

Kwali da busasshen tsumma sun wadatar, muddin an ɗaga su daga daɓen siminti, wanda yake zuƙe zafi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ganganci ne: yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana kuma halaka kyanwa har da mai ita. Direbobi ma su riƙa bubbuga murfin injin mota da safe kafin su tayar, don kyanwa takan kwana a ciki saboda ɗumi.