Shin Ko Kun San? Ranar da Ɓargo Ya Daina Aiki

Shin ko kun san a cikin ɓargo ake ƙera jini? Akwai cutar da ke sa ɓargon ya ƙafe, sai jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini su ragu a lokaci guda. Mai ita ya ɗashe, ya riƙa haɓo, dasashi na zubar jini, zazzaɓi ya je ya dawo. Likitan Jamus Paul Ehrlich ne ya fara bayyana ta a 1888, ita ce kuma ajalin Marie Curie a 1934.

Ko kun san a mafi yawan masu ita garkuwar jikinsu ce ke afka wa ɓargon? Shi ya sa ake danne garkuwar da maganin saikulosforin da wata allura da ake tacewa daga jinin doki. Doki fa! Da aka gwada ta da ta zomo a Amurka, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta doki sun samu sauƙi cikin wata shida, ta zomo kuwa kashi 37.

Sinadarin mazantaka ya riga su shiga fagen. Tun 1959 likitoci biyu a Boston, Shahidi da Diamond, suka ga yana farfaɗo da jinin wasu yara. Yana zaburar da ƙoda ta fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi aiki. A wani gwaji a Turai a 1993 an haɗa shi da allurar danne garkuwa, kuma mata ne suka fi amfana. Sai dai da illarsa: murya ta yi kauri, gashi ya fito a haɓa, hanta ta wahala. Inda babu dashen ɓargo, arharsa ce ke sa likita ya waiwaye shi.

To, ga abin da ya fi shafar mutanen Gedambaliya da ke jihar Gadarif a Sudan, inda aka fara noman dawa da tarakta a shekarun 1940. Jihar Gadarif matattarar cutar kala-azar ce, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai son baƙar ƙasa mai tsagewa da gindin aduwa ke yaɗawa. Ita ma tana rage dukkan ƙwayoyin jinin nan uku, har a ɗauka ɓargo ne ya ƙafe. Bambancin yana ciki: kala-azar na kumbura saifa, ƙafewar ɓargo galibi ba ta yi. Ita kala-azar allurar kwana 17 kan warkar da ita, amma a danne garkuwar mai ɗauke da ita, an ba ƙwayar cutar fili ke nan. Don haka, a ganina, likitan da ya dage sai an ɗebi ɓargo an duba kafin ya rubuta magani ba jan rai yake yi ba.

Maganin ƙarin jini na kemis kuwa, ko kwalba goma aka shanye, ba ya tayar da ɓargon da ya ƙafe.